Bashin Gina Makarantu da Harajin Gidaje: Nazarin Ƙuri'ar Jama'a a Jihar Kalifoniya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mazauna gundumomin makarantu a Amurka, musamman a jihar Kalifoniya, suke jefa ƙuri'a a kan ko a ci bashi a gina musu makarantu, bashin da su da kansu za su biya ta hanyar ƙarin harajin gidaje. An bi sawun dokokin da suka shafi lamarin daga 1971 zuwa 2024, sannan an tsaya a kan abin da ya faru a gundumar Poway. Matsayar maƙalar ita ce, tsoron ƙarin harajin da ido ke gani yana tura hukumomi su ɓoye tsadar bashi, kuma ɓoyon ya fi harajin cutar da jama'a.

1.0 Gabatarwa



A mafi yawan jihohin Amurka, makarantun gwamnati na firamare da sakandare suna ƙarƙashin gundumomin makarantu, kowace da hukumarta wadda jama'ar wurin suke zaɓa. Albashin malamai da kuɗin littattafai suna fitowa daga kasafin shekara. Amma idan rufi ya fara yoyo, ko yara sun yi wa azuzuwa yawa, kasafin shekara ba ya iya ɗaukar nauyin. A nan ne hukumar take neman izinin jama'a ta sayar da takardun lamuni, ta karɓi kuɗi a dunƙule daga masu zuba jari, ta yi ginin, sannan a riƙa biya da kuɗin ruwa har shekara 25 ko 30. Jinginar wannan bashi ita ce gidajen mutane da filayensu da shagunansu, domin daga harajin da ake ɗora musu ne ake biya.

Ranar zaɓe abin da ake ba mutum ya zaɓa biyu ne kawai, e ko a'a. Mai 'ya'ya a makaranta yana tunanin ajin da ɗansa ke zama a ciki. Tsohuwar da ke rayuwa da fansho tana tunanin takardar harajin da za ta iso mata. Duk su biyun suna da hujja. Abin da nake son in nuna shi ne, tambayar da aka rubuta musu a takardar ƙuri'a ta yi ƙanƙanta idan aka gwada ta da shawarar da suke yankewa.

2.0 Yadda aka iso nan

Kafin shekarun 1970, kowace gunduma a Kalifoniya tana sa wa kanta harajin gidaje gwargwadon abin da take buƙata. Illar wannan tsari ta fito fili a shari'ar Serrano da Priest, wadda Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1971. Alƙaluman da aka gabatar sun isa su sa mutum ya yi shiru. A shekarar karatu ta 1968 zuwa 1969, mutanen Baldwin Park, unguwar masu ƙaramin ƙarfi, suna biyan dala 5.48 a kan kowace dala 100 ta ƙimar kadara, amma abin da ake kashe wa kowane yaro bai wuce dala 577 ba. Mutanen Beverly Hills suna biyan dala 2.38 kacal, ɗansu kuwa yana samun dala 1,232. Talaka ya ninka mai kuɗi a ƙoƙari, ɗansa bai samu rabin abin da ɗan mai kuɗi ya samu ba. Kotun ta ce wannan ya saɓa wa daidaito. Bayan shekara biyu, a 1973, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi bin wannan hanya a shari'ar San Antonio da Rodriguez, ta bar wa kowace jiha ta ji da kanta.

Daga nan sai farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi, haraji ya bi shi. Tsofaffin da suka sayi gidajensu da araha suka wayi gari ana neman su da kuɗin da ba su da shi. Wannan fushin ne Howard Jarvis da Paul Gann suka tattara suka kai akwatin zaɓe. Ranar 6 ga Yuni, 1978, kusan kashi 65 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 13. Ƙudurin ya ce harajin kadara ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimarta ba. Ya mayar da ƙimar gidaje yadda take a 1975. Ya hana a ƙara ta fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai fa ranar da aka sayar da gidan, a nan ne za a sake yi masa ƙima da farashin kasuwa. Cikin shekara guda kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga wannan haraji ya faɗi da fiye da rabi, kuma ƙofar cin bashin gini ta rufe wa gundumomi.

Sai a 1986 Ƙuduri na 46 ya sake buɗe ta, da sharaɗin sai kashi biyu bisa uku na masu ƙuri'a sun yarda. Sharaɗi ne mai nauyi, domin mutum ɗaya mai cewa a'a yana daidai da mutum biyu masu cewa e. A Nuwamban 2000 Ƙuduri na 39 ya sauko da shi zuwa kashi 55, amma da igiyoyi. Dole a jera ayyukan da za a yi. Ba za a taɓa kuɗin a biya albashi ba. Dole a kafa kwamitin sa ido na mutanen gari, a kuma binciki asusun kowace shekara. Dokar da ta raka ƙudurin ta kuma sa iyaka: a gundumar da ta haɗa firamare da sakandare, harajin da bashin zaɓe ɗaya zai jawo ba zai wuce dala 60 a kan kowace dala 100,000 ta ƙimar gida ba. Tun daga lokacin yawancin buƙatun da aka kai gaban jama'a suna wucewa.

3.0 Wane ne ke biya?

Idan aka ce "dala 60 a kan kowace dala 100,000", kunne yana jin kamar kowa zai ɗauki kaya daidai da ƙarfinsa. Ƙuduri na 13 ya riga ya karkatar da ma'aunin. Mu ɗauki misalin gidaje biyu masu katanga ɗaya, girmansu ɗaya, farashinsu a kasuwa ɗaya. Mai na farko ya saya shekaru 30 da suka wuce, ƙimar da hukuma ke lissafa masa dala 200,000 ce. Mai na biyu ya saya bara a kan dala 900,000. Bashi ɗaya suka jefa wa ƙuri'a, amma na farko zai riƙa biyan dala 120 a shekara, na biyu dala 540. Kotun Ƙolin Amurka ta duba irin wannan bambanci a shari'ar Nordlinger da Hahn a 1992, ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sau da yawa sabon mai sayen nan shi ne matashin magidanci mai ƙananan yara, wanda bashin gida ya riga ya danne. Don haka hoton da aka saba zanawa, na tsoho mai fansho da ake tatsa domin 'ya'yan wasu, bai cika dacewa da Kalifoniya ba, ko da yake a jihohin da ake sake ƙimar gida akai-akai yana da gaskiya sosai.

Ban faɗi haka don in raina kukan tsofaffi ba. Mutumin da gidansa ya yi daraja amma aljihunsa bai ƙaru ba yana cikin matsi na gaske, domin ba a yankar ɗaki ɗaya a kai wa mai karɓar haraji. A Kalifoniya gundumomi sukan yafe wa tsofaffi harajin da ake sawa bai ɗaya a kan kowane fili, amma harajin biyan bashin gini ba shi da wannan rangwame. 'Yan haya kuwa takardar haraji ba ta zuwa da sunansu, sai dai wani kaso nata yana iya biyo su ta kuɗin haya.

Bambancin da ya fi wannan girma yana tsakanin gunduma da gunduma. Doka ta ce jimillar bashin gunduma mai firamare da sakandare ba za ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na ƙimar duk kadarorin da ke cikinta ba. Gundumar da ke da manyan gidaje da kamfanoni za ta tara kuɗi mai yawa da ɗan ƙaramin haraji. Gundumar manoma da ma'aikatan gona ko ta kai haraji maƙura ba za ta tara abin kirki ba. Wato abin da kotu ta hana a 1971 game da kuɗin gudanar da makaranta yana nan da ransa game da kuɗin gina ta. Tsarin tallafin da jihar ta kafa a 1998 ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi: jiha tana biyan rabin kuɗin sabon gini da kashi 60 na gyara, amma a ƙa'ida sai gunduma ta kawo nata kason, ko da yake akwai sassauci ga wadda ta tabbatar da gazawarta. Wanda ya san yadda kuɗin UBEC ke kwana a asusu a Nijeriya saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba, ya san halin irin wannan sharaɗi. Bashin dala biliyan 10 da jama'ar Kalifoniya suka amince wa jiha a Nuwamban 2024 ya ɗan ƙara kason da jiha ke ba gundumomi marasa ƙarfi, amma ƙarin kaɗan ne.

4.0 Poway: an gudu ba a tsira ba

Nan ne nake son mu daɗe. Poway gunduma ce a yankin San Diego, mutanenta masu rufin asiri ne, makarantunta kuma suna da suna. A 2008 hukumar gundumar ta nemi izinin cin bashin dala miliyan 179 domin ta ƙarasa gyaran makarantu. Alƙawarin da ta yi wa jama'a shi ne ba za a ƙara musu ma'aunin haraji ba. Jama'a suka amince.

Lissafin hukumar ya dogara ne a kan cewa farashin gidaje zai ci gaba da hawa, ta yadda ma'auni ɗaya zai riƙa kawo ƙarin kuɗi kowace shekara. A 2008 ɗin kuwa kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe. Hukumar ta samu kanta tsakanin abu biyu: ko ta koma wurin jama'a ta ce alƙawari ba zai cika ba, ko ta nemo bashin da ba za a fara biya ba sai an gama biyan na baya. Ta zaɓi na biyu. A 2011 ta karɓi dala miliyan 105 ta wata irin takardar lamuni wadda ba a biyan ko sisi a kanta na tsawon shekaru, ruwa yana hawa kan ruwa. Za a fara biya a 2033, a gama a 2051. Jimillar abin da za a biya ta kusa dala biliyan ɗaya, wato ninki tara da ɗoriya na uwar kuɗin. Kuma an ƙulla yarjejeniyar ba tare da damar biya da wuri ba.

A duba wanda wannan kaya zai faɗa wa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2011 zai kai shekara 28 kafin a fara biya, zai haura 45 kafin a gama. Na'urorin sanyaya ɗaki da wayoyin lantarkin da aka sa da kuɗin za su tsufa a canza su, bashinsu bai ko motsa ba. Da yawa daga waɗanda suka jefa ƙuri'ar za su tashi daga garin ko su riga mu gidan gaskiya kafin ranar biya. Waɗanda za su biya ba a tambaye su ba. Hujjar cin bashin gini tun asali ita ce, gini yana amfanar zuriya fiye da ɗaya, don haka adalci ne a raba nauyinsa tsakanin masu cin moriyarsa. Poway ta juya wannan hujja: masu cin moriya daban, masu biya daban.

Labarin ya fashe a 2012 bayan rahoton kafar Voice of San Diego, sai aka gano gundumomi da dama a jihar sun ci irin wannan bashi. Jihar Michigan ta hana makarantunta shi tun 1994. A 2013 majalisar Kalifoniya ta yi doka: abin da za a biya kada ya wuce ninki huɗu na uwar kuɗi, wa'adin irin wannan takarda kada ya wuce shekara 25, kuma dole a bar ƙofar biya da wuri. A Maris 2020 Poway ta dawo tana neman dala miliyan 448, ba ta samu kashi 55 ɗin da doka ke nema ba.

A ganina laifin bai tsaya kan hukumar kaɗai ba. Kalmar "ba ƙarin haraji" ta zama kamar kalmar sirri da ake buɗe akwatin zaɓe da ita, kuma jama'a ne suka koya wa hukumomi haka. A mafi yawan lokuta ma'anarta ita ce, tsohon bashi ya kusa ƙarewa, harajinsa zai sauka, sai a ɗora sabo a gurbinsa kafin mutane su ji sauƙin. Wannan ba haramun ba ne, yana ma iya zama dabara mai kyau ga gundumar da ke gyara a kai a kai. Amma haraji ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Jihar Tekzas ta bi ta ɗaya gefen: tun 2019 doka ta tilasta a rubuta a kan kowace takardar ƙuri'ar bashin makaranta, da manyan baƙaƙe, cewa wannan ƙarin harajin kadara ne, ko da ma'aunin ba zai canza ba. Wannan ya fi kusa da gaskiya, sai dai jimla ɗaya mai firgitarwa ba ta gaya wa mutum nawa zai biya, har yaushe, a kan me.

5.0 Me kuɗin ke saya?

Masu nazarin tattalin arziki sun samu hanya mai kyau ta auna wannan. Suna gwada gundumomin da bashinsu ya wuce da ƙyar da waɗanda ya faɗi da ƙyar, tun da kusan komai nasu ɗaya ne in ban da sakamakon ƙuri'ar. Cellini da Ferreira da Rothstein sun yi haka da bayanan Kalifoniya a 2010, suka gano farashin gidaje yana hawa da kusan kashi 6 cikin 100 inda bashi ya wuce, kuma masu sayen gida a shirye suke su biya dala ɗaya da rabi ko fiye a kan kowace dala ɗaya da aka kashe a gini. Ma'ana, har wanda ba shi da ɗa a makaranta yana samun rabonsa a darajar gidansa. Amma Martorell da Stange da McFarlin, da suka duba Tekzas a 2016, ba su ga wani canji mai yawa a sakamakon jarrabawar yara ba.

Saɓanin ya fara warwarewa da aikin Biasi da Lafortune da Schönholzer, waɗanda suka tattara bayanan jihohi da yawa suka rarraba ayyukan iri-iri. Kuɗin da aka sa a na'urorin sanyaya da ɗumama azuzuwa, da kawar da abubuwa masu cutar da lafiya, yana ɗaga sakamakon yara. Kuɗin da aka sa a filayen wasanni yana ɗaga farashin gidaje, karatu kuwa yana nan inda yake. Amfanin ya fi yawa a gundumomin 'ya'yan talakawa. Wannan ya yi daidai da binciken Park da abokan aikinsa na 2020, wanda ya nuna zafin aji yana rage abin da yaro ke koya, sanyaya ajin kuma yana mayar da mafi yawan asarar. A shekarar ce kuma ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya ba da rahoton cewa kashi 41 cikin 100 na gundumomi suna buƙatar gyara ko canza waɗannan na'urori a aƙalla rabin makarantunsu.

Abin da ya dame ni a nan shi ne, aikin da ya fi amfanar yaro shi ne wanda ba a iya ɗaukar hotonsa a sa a takardar neman ƙuri'a. Bututun iska yana cikin silin, filin ƙwallo yana bakin titi.

6.0 Amana

Nuwamban 2024 ya ba mu darasi biyu a rana ɗaya. A Los Anjeles jama'a sun amince da bashin dala biliyan 9, shekara huɗu kacal bayan sun amince da na biliyan 7. A Houston kuwa kusan kashi 58 cikin 100 sun yi watsi da na dala biliyan 4.4, duk da an ce musu ma'aunin haraji ba zai ƙaru ba, kuma ba mai musun cewa gine-ginen sun tsufa. A 2023 gwamnatin Tekzas ta karɓe gundumar, ta sauke zaɓaɓɓiyar hukuma, ta naɗa Mike Miles ya shugabance ta. Rassan manyan jam'iyyu biyu na yankin duk sun yi adawa da bashin. Mutane sun ƙi miƙa kuɗin shekara 30 ga shugabannin da ba za su iya cirewa da ƙuri'a ba. Na fahimci dalilinsu, amma yaran Houston sun koma azuzuwan da suka baro.

7.0 Matsayar maƙala

Mai jefa ƙuri'a yana da haƙƙin a ba shi amsar abu huɗu kafin ranar zaɓe, da lambobi, a shafin farko: jimillar abin da za a biya har da ruwa, shekarar da za a fara da wadda za a gama, hasashen hawan farashin gidaje da aka gina lissafin a kansa, da kuma kason da zai tafi rufi da iska da ruwan sha idan aka gwada da na ado. Idan amsoshin sun fito, wa'adin bashin bai wuce rayuwar abin da za a gina ba, kuma biya zai fara tun masu ƙuri'ar suna nan, to ina ganin e ita ce daidai, ko da haraji zai hau. Jinkirta gyaran rufi ba ya rage kuɗinsa. Idan kuwa abin da hukuma ta riƙe kawai shi ne "ba ƙarin haraji", a'a ita ce daidai, a ce ta koma ta dawo da lissafi.

Tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi kuma a taimake su kai tsaye. Kalifoniya tana da shirin da ke ba su damar jinkirta harajin gida har sai an sayar da gidan ko an gaje shi. Faɗaɗa irin wannan ya fi sauƙi da adalci a kan a bar makarantar unguwa duka ta lalace domin kare su.

Kirana na ƙarshe ga 'yan majalisar jihohi ne. Muddin kuɗin gini yana bin darajar gidajen unguwa, gundumar da ta fi buƙata ita ce za ta fi shan wuyar tarawa, alhali bincike ya nuna a can ne kowace dala ta fi aiki. A ɗaga kason jiha sosai ga gundumomi marasa kadara, a daina ba da tallafi bisa wanda ya riga kawo nasa. Ga 'yan'uwana masu nazari kuma, akwai aikin da ke jiran mu: a bi diddigin abin da zai faru da harajin Poway da farashin gidajenta daga 2033.